ABCD 2: Ya Iya Nuna Rawa, Ya Kasa Nuna Yadda Ake Haɗa Ta

A ranar 19 ga Yuni, 2015 aka saki ABCD 2 (Any Body Can Dance 2), fim na biyu a jerin finafinan rawa na Indiya na darakta Remo D'Souza, shekara biyu da 'yan watanni bayan na farkon da ya fito a Fabrairun 2013. Wanda ya saba da finafinan Hausa, inda kashi na biyu ke ɗorawa daga daidai inda na ɗaya ya tsaya, yana iya ruɗewa a nan, domin wannan ba ci gaban labari ba ne. Suna aka ɗauko da darakta da wasu fuskoki, aka zuba su cikin sabon labari. Punit Pathak, wanda ya mutu a na farko yana Chandu, ya dawo da sunan Vinod. Lauren Gottlieb ta tashi daga Rhea ta koma Olive. Prabhu Deva ya riƙe sunan Vishnu da aikin koyar da rawa, amma mashayin da muka tarar a nan, mai ɓoye wata manufa a ransa, ya yi nisa da malamin da muka sani a baya.

Abin da ya sauya ƙwarai shi ne kuɗi da taurari. An gina fim na farko ne a kan matasan da suka yi suna a gasar talabijin ta Dance India Dance, inda Remo ya yi alƙalanci: Salman Yusuff Khan, Dharmesh Yelande, Punit Pathak da sauransu, mutanen da rawa ce sana'arsu, wasan kwaikwayo kuwa baƙo ne a wurinsu. A na biyu kamfanin Disney ya sa sunansa, aka ɗauko Varun Dhawan da Shraddha Kapoor, waɗanda ake yayinsu a lokacin, aka kwashi ma'aikata zuwa Las Vegas. Kasuwa ta karɓa, fim ɗin ya tara sama da rupi biliyan 1 a cikin Indiya kaɗai. Ta fuskar rawar da ido ke gani, ya fi na farko nesa ba kusa ba. Ta fuskar abin da labarinsa ya yi alkawari kuwa, bashi ya ci bai biya ba, kuma a kan wannan bashin aka kafa fim ɗin gaba ɗaya.

Varun ne Suru, Shraddha ce Vinnie, su da abokansu 'yan Nalasopara ne, wani yanki na masu ƙaramin ƙarfi a gefen Mumbai. Ƙungiyarsu, Mumbai Stunners, ta shiga gasar rawa a talabijin, sai alƙalai suka bankaɗo cewa rawar tasu kwafi ce daga Philippine All Stars ta ƙasar Filifin. Aka kore su a bainar jama'a, duk inda suka bi ana kiransu macuta. Don wanke wannan tabo suka ƙudura zuwa gasar hip-hop ta duniya a Las Vegas, suka roƙi Vishnu ya zama malaminsu. Tushen labarin ya fito ne daga rayuwar Suresh Mukund da Vernon Monteiro na ƙungiyar Fictitious, 'yan Nalasopara na gaske, waɗanda suka je wannan gasa a 2012 suka kai zagayen ƙarshe. Ita ma Philippine All Stars ba ƙirƙirarriya ba ce, ta lashe gasar a 2006 da 2008.

Kafin a gane inda fim ɗin ke da ƙarfi sai an san yadda ake lissafin rawa. Masu rawar ƙungiya ba da daƙiƙa suke aiki ba, da ƙirgen takwas suke aiki: ɗaya zuwa takwas, a koma ɗaya. Idan kiɗa yana bugawa sau 100 a minti, takwas guda tana cin daƙiƙa 4.8, rawar minti biyu kuma ta ƙunshi takwas 25. Kowane motsi yana da lambarsa, wani ma a tsakanin lamba da lamba yake faɗowa. Jimla guda ta rawa, daga inda aka ɗauko ta zuwa inda aka dire ta, yawanci takwas biyu ce ko huɗu. To idan edita yana yanka hoto duk bayan daƙiƙa biyu, mai kallo bai ga ko takwas guda cikakkiya ba. Ya ga hannu, ya ga fuska, ya ga takalmi, amma bai ga rawa ba, kuma babu yadda za a yi ya san ko mutumin ya iya. Shi ya sa ake gane fim ɗin rawa na gaskiya da abu biyu: kyamara ta ja baya har a ga mai rawa daga kai zuwa tafin ƙafa da ɗan daɓen da ke ƙarƙashinsa, sannan ta yi haƙuri ta bar jimla ta ƙare.

Remo mai tsara rawa ne tun kafin ya zama darakta, kuma a wuraren da mutum ɗaya ko biyu ke rawa ana ganin wannan tarbiyya a fili. A dubi waƙar "Happy Hour", inda Prabhu Deva ke rawa a mashaya a buge. Rawar maye tana cikin mafi wuyar abin da za a nema daga mai rawa, domin dole a ga jiki zai faɗi alhali kowane tangaɗi yana sauka daidai kan bugu. Yadda ake yin ta shi ne a bar kai da kafaɗu su wuce tsakiyar nauyin jiki, a jinkirta ƙafar da za ta tare faɗuwar har sai ƙarshen lamba, gwiwa a sake, idon sawu a ɗaure. Wanda bai ƙware ba ko dai ya tare kansa da wuri, abin ya koma kwaikwayon maye kurum, ko ya makara kiɗa ya bar shi. Prabhu Deva ya haura shekara 40 a lokacin, ya kuma riga ya karɓi lambar yabo ta ƙasa a tsara rawa har sau biyu, amma ko wanda bai san tarihinsa ba zai gane daga waɗannan 'yan mintuna dalilin da zai sa saurayi ya bi shi yana roƙon ya koya masa. Wannan na cikin wuraren da rawa ta yi aikin labari da kanta, ba a buƙaci magana ba.

Haka Raghav Juyal, ɗan Dehradun, da tafiyarsa ta hawainiya wadda ta fito da shi a Dance India Dance. Da yawa suna zaton a kwamfuta ake rage gudun hoton, alhali da jikinsa yake yi. Yana ɗora nauyinsa duka a kan ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar ya tafi da ita cikin gudu guda marar sauyawa, ba sauri a tsakiya, ba tsayawa a ƙarshe, hannuwa da wuya da yanayin fuska duk su bi wannan gudun. Inda take lalacewa shi ne lokacin mayar da nauyi daga ƙafa zuwa ƙafa. Ƙugu ya ɗan faɗa ko diddige ya bugi ƙasa, shi ke nan an gane dabarar. Tsokar cinya da ta ciki ce ke riƙe da komai, kuma mutum yana iya jiƙewa da gumi a taku goma. Dharmesh kuwa ƙarfinsa a salon popin da lokin yake, wato a ƙanƙame tsoka a sake ta cikin ƙiftawar ido daidai kan bugu, ko a tafi da sauri a daskare wuri guda. Ma'aunin wannan salo shi ne abin da ke faruwa bayan an tsaya: in gwiwar hannu ta ƙara motsawa ko da ɗan kaɗan, tsayuwar ba ta da tsabta. Ta Dharmesh tsaf take. Punit ya fi su taushi, yana aiki da daɓe, faɗuwa da mirginawa da tashi ba tare da an ga inda ya dafa ba. Wurin da ake tantance sababbin 'yan ƙungiya yana cikin mafi daɗin fim ɗin saboda dalili mai sauƙi, an ba kowannensu fili shi kaɗai.

Batun taurari biyun yana da fuska biyu, kuma adalci shi ne a faɗi duka. Varun Dhawan ya yi aiki, ana gani a jikinsa. Yana da kuzari, yana jin kiɗa, kuma a waƙar "Chunar", inda yake rawa shi kaɗai yana tuna mahaifiyarsa cikin garin kala da ke tashi, ya ɗauki nauyin wurin da kansa. Shraddha Kapoor ba 'yar rawa ba ce kafin wannan fim, kuma abin da ta yi a "Sun Saathiya" ya wuce abin da aka zata. Amma 'yan watanni na horo ba sa zama shekara goma. Ana gane bambancin a ƙarshen motsi: ƙwararre yana kai layin hannunsa har ƙarshen yatsa, na ƙafa har babban yatsa, in ya yi tsalle kuma ya sauka ta yatsu zuwa diddige gwiwa na karɓar nauyi, ba a jin ƙara. Sabon shiga yakan bar motsi a wuyan hannu, hankalinsa ya riga ya tafi lamba ta gaba. Matsalar ta fi fitowa a rawar ƙungiya. Idan aka jera mutane sahu mai tsini a gaba, ido yana tafiya ne kan wanda ke tsinin. A ƙungiyoyin gasa na gaske wannan wuri yawo yake yi: in an zo sashen popin mai popin ya fito, in an zo na juyi a ƙasa mai wannan ya karɓa. A fim mai taurari kuwa tsakiya ta mai suna ce. Saboda haka ko dai a sauƙaƙa takun tsakiya, ko a yanka zuwa fuska a daidai inda wuyar take, kuma waɗanda suka fi kowa iyawa su koma sahu na biyu. Fim na farko bai da wannan larura, tunda duk wanda ke gaba ɗan rawa ne. Wannan shi ne farashin da na biyu ya biya don ya samu kasuwa.

An fitar da fim ɗin a 3D, kamar na farko. Wannan tsari yana ba kowane ido hotonsa daban, biyun sun ɗan saɓa kamar yadda idanun mutum ke da tazarar kusan santimita 6.5, ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi. Ga rawar ƙungiya wannan alheri ne, domin sahu na ɗaya da na biyu da na uku suna rabuwa, a ga tazarar da ke tsakaninsu, a ga yadda mutum ke ratsawa daga baya zuwa gaba. Yana kuma tilasta wa edita haƙuri, tunda duk yanka sai ido ya sake neman zurfi, in aka yawaita kai ya yi ciwo. Amma yana da nasa cikas. Tabarau na musamman da ake sawa don kallon 3D yana cinye haske mai yawa, shi ya sa ake cika fitilu da kaloli masu ƙarfi. Tunda fim yana tafiya ne da hoto 24 cikin daƙiƙa, hannu mai sauri ko kyamara mai juyawa da gudu suna sa hoto ya riƙa rarrabuwa. Sannan akwai jarabar jefo wa mai kallo abubuwa a fuska, ruwa da gari da makamantansu, kuma ABCD 2 ya faɗa cikinta sau da yawa. Mafi yawan masu kallo a wajenmu a waya ko talabijin suke ganin irin waɗannan finafinai, inda zurfin ya tafi, sai a bar su da abubuwan da ke tasowa kan allo ba tare da dalili ba. A "Bezubaan Phir Se" ruwan yana da amfani ko babu tabarau, domin fantsamarsa tana nuna ƙarfin kowane taku, kuma tana tona asirin duk wanda ya makara. A wasu wuraren ado ne kawai.

Yanzu ga bashin. Fim ɗin ya buɗe da laifi mafi muni a duniyar masu rawa, satar rawar wasu. Wanda ya fara labari da haka ya yi wa mai kallo alkawarin abu biyu: zai nuna dalilin da ya sa suka yi satar, zai kuma nuna yadda suka koyi ƙirƙirar tasu. Ba a cika ko ɗaya ba. Abin da ke damun Suru da abokansa shi ne kunyar da suka sha da sunan da aka laƙaba musu, ba abin da suka aikata ba. Babu zama guda da aka yi aka tambayi wanda ya kawo shawarar, ko aka tuna da mutanen da suka yi watanni suna haɗa abin da aka ɗauke musu. Da suka je gasar share fage a Bangalore jama'a suka yi musu ihu, maganin da aka kawo shi ne roƙon a ba su dama ta biyu. Dama ta biyu abu ne mai kyau, amma tana zuwa ne bayan mutum ya fuskanci laifinsa.

Abin takaicin shi ne fim na farko ya taɓa wannan batu, kuma ya fi iya riƙe shi. A can, Jehangir, mai babbar makarantar rawa wanda Kay Kay Menon ya fito a matsayinsa, shi ya sa aka sace rawar yaran Vishnu ta hannun ɗan leƙen asiri, aka yi ta a gabansu a daren ƙarshe, dole suka haɗa wata nan take. Mai kallo ya ji zafin satar saboda ya ga wahalar da aka sha kafin a haɗa abin da aka sace. Na biyu ya juya lamarin, jaruman ne ɓarayin, wanda dama ce ta yin labari mai zurfi fiye da na farko, sai ya tsallake ta.

Kuma akwai abin nunawa da yawa. Haɗa rawar gasa aiki ne mai matakai. Ana farawa da kiɗa: a yanko guntaye daga waƙoƙi da dama a haɗa su su cika lokacin da aka ƙayyade, a zauna da takarda a rubuta takwas-takwas, a yi alama a duk inda ganga ta buga da ƙarfi ko kiɗa ya ɗauke. Sai a raba sassa, a ce nan lokin, nan birekin (rawar juyi a ƙasa), nan za a sassauta don a huta. Daga nan a fara ƙirƙirar taku ba tare da kiɗa ba, da ƙirge kawai, a gwada a zubar, a sake gwadawa. Bayan taku sai jeri, a manna alama a daɓe inda kowa zai tsaya. Mafi wuya shi ne sauyawa daga jeri zuwa jeri, domin mutum takwas su sauya wuri cikin lamba huɗu ba tare da karo ko gudu a fili ba yana bukatar a zana wa kowa hanyarsa, a san wa zai bi ta gaban wa. Yawancin ƙungiyoyin da ba su gogu ba a nan suke zubar da maki, takunsu yana da kyau amma tsakanin jeri da jeri sai a ga tafiya kawai suke yi. Sannan a zo gyara, wanda ya fi komai cin lokaci: takwas guda a maimaita ta har sai tsayin hannun kowa ya zo ɗaya, durƙuson kowa ya kai zurfi ɗaya, kai ya juya a lamba ɗaya. A ɗauka a waya, a rage gudu, a ga wanda ya riga da wanda ya makara. A ƙarshe a riƙa yin ta daga farko zuwa ƙarshe a jere, saboda rawar da ta yi tsabta a daƙiƙa 30 na farko takan watse a 30 na ƙarshe in numfashi ya ƙare.

A cikin wannan aiki ne iyaka tsakanin aro da sata take. Tushen takun na kowa ne. Lokin ya fito daga Don Campbell a Los Angeles wajen 1970, popin daga Boogaloo Sam a Fresno cikin shekarun 1970, birekin daga unguwar Bronx ta New York. Duk mai rawar hip-hop a duniya aro yake yi daga waɗannan, kuma ba wanda zai zarge shi. Sata ita ce a ɗauki jerin takun wani yadda ya jera su, da jerin sahunsa, da inda ya ajiye abin mamakinsa. Malami irin Vishnu, da fitowa guda ta minti biyar, zai iya zaunar da yaran ya ce kowa ya kawo takwas guda daga abin da jikinsa ya sani, daga aikinsa ko unguwarsu ko bukukuwan da ya tashi a ciki, a ga yadda ta farko ta fito a karkace, a ga yadda aka gyara ta. Maimakon haka atisayen ya zo a guntayen hotuna da waƙa a kansu, rawa kuma ta bayyana a dandamali a gama. Rawar da suka yi cikin shigar Charlie Chaplin tana da tunani na gaske a bayanta, ƙananan taku da barkwancin finafinan da ba a magana, kuma tana cikin mafi kyau a fim ɗin. Amma ba mu ga wanda ya kawo tunanin ba, ba mu ga ranar da bai yi aiki ba. Ƙungiyar da aka kora saboda ba ta ƙirƙira ba, ba a taɓa nuna mana tana ƙirƙira ba.

Ba rashin lokaci ne ya jawo haka ba, fim ɗin ya kai kusan awa biyu da rabi. Lokacin ya tafi ne wasu wurare. Bayan an isa Amurka sai aka gano ainihin abin da ya kawo Vishnu shi ne ganin ɗansa da tsohuwar matarsa, wadda Tisca Chopra ta fito a matsayinta, ya ɓace ya bar yaran a daidai lokacin da suka fi bukatarsa. Vinnie ta ji rauni, Olive ta maye gurbinta, aka ɗan kunna kishi a kan Suru sannan aka kashe shi ba tare da ya kai ko'ina ba. Lauren Gottlieb ƙwararriya ce, ta fito daga gasar So You Think You Can Dance ta Amurka, kuma zuwanta yana ɗaga matakin rawar, amma an shigo da ita a makare. Babu kuma abokin hamayya mai nauyi. Jehangir na fim na farko mutum ne mai hujja, yana ganin rawa kasuwa ce kuma abin da ke burge jama'a shi ne gaskiya, don haka karonsa da Vishnu karon ra'ayi ne. A nan an ba mu 'yan ƙungiyar Jamus masu izgili, waɗanda ba mu san komai game da su ba sai ƙasarsu.

Lamarin Vinod ya fi damuna. Kurma ne, ba ya ji ba ya magana, kuma wannan kaɗai ya isa labari, domin kurame masu rawa suna nan da gaske, suna bin girgizar kiɗa ta daɓe da ƙirji, suna riƙe ƙirge a ka, suna karanta numfashi da kafaɗun na kusa da su. Sai aka ƙara masa tarin fuka, yana tari da jini yana ɓoyewa, don a samu abin da zai rushe rawar ƙarshe. Tarin fuka na huhu cuta ce mai yaɗuwa ta iska, maganinta yakan ɗauki wata shida, kuma wanda ke fama da ita yana haki a rufaffen ɗaki tare da abokansa yana sa su cikin haɗari. Fim ɗin ya ɗauki ɓoyewar a matsayin sadaukarwa, wanda saƙo ne marar kyau a ƙasar da wannan cuta ta yi wa katutu.

Rawar ƙarshen an gina ta a kan dalar mutane, abin da ke da asali a jihar Maharashtra, inda matasa ke hawa kan juna a bikin Dahi Handi don fasa tukunyar da aka rataye a sama. Zaɓi ne mai ma'ana ga 'yan gefen Mumbai. Amma dala lissafi ce. A ɗauka hawa huɗu ne, mutum huɗu a ƙasa, uku, biyu, ɗaya, kowa kilo 60. Mutum shida na sama sun kai kilo 360, a raba wa huɗu ya zama 90 kowanne, kuma na tsakiya sun fi na gefe ɗauka. Ana taka kafaɗa kusa da wuya ko ƙashin ƙugu, ba a taka tsakiyar gadon baya. Na ƙasa yana kulle ciki, yana numfashi kaɗan-kaɗan, domin tari guda yana sauke kafaɗa, kuma saukar da ba ta kai faɗin yatsa biyu ba a ƙasa tana zama babban tangaɗi a sama. Ana saukowa daga sama zuwa ƙasa, da masu tarbe a baya. Duk malamin da ya san aikinsa yana sa ido kan lafiyar masu ɗaukar nauyi fiye da kowa, don haka faɗuwar dalar ba ƙaddara ce kawai ba, gazawar Vishnu ce, kuma fim ɗin bai lura ba.

Gasar ma an sauya mata kama. A ta gaske, wadda Hip Hop International ke shiryawa, rawar ƙaramar ƙungiya kusan minti biyu ce, maki a rabe yake tsakanin ƙwarewa da iya gabatarwa, ana cire maki in an faɗi, an kuma taƙaita amfani da kayan da ba na sawa ba. Ƙuncin waɗannan dokoki shi ne daɗin gasar, komai sai ya fito daga jiki. Fim ɗin ya mayar da ita babban wasan dandamali mai fitilu da kayan ado, kuma a nan ne kyamarar da ta yi haƙuri a baya ta fara gaggawa, tana barin masu rawa tana zuwa kan alƙalai da 'yan kallo da masu hawaye.

Kiɗan Sachin da Jigar ya yi wa rawar hidima, bugunsa a fili yake, yana da wuraren ɗaukewa da mai tsara rawa zai kama. Ya kamata mai kallo ya san abin da wasu waƙoƙin ke ɗauke da shi: "Hey Ganaraya" waƙar yabon Ganesha ce, abin bautar Hindu, kamar yadda fim na farko ya rufe da irinta, ta ƙarshe kuma, "Vande Mataram", ta kishin ƙasa ce. A wannan ta ƙarshen ne aka musanya tambayar da aka fara da ita. An fara da ko waɗannan yara za su iya yin abin kansu, aka ƙare da ko Indiya za ta ɗaga kai a gaban duniya, kuma tuta tana sa a yi tafi ko an amsa tambayar farko ko ba a amsa ba.

Abu guda da ƙarshen ya yi daidai shi ne bai ba su kofin ba. Sun faɗi, sun tashi sun sake gina dalar, sun tafi ba su ci ba, kuma hakan ya fi kusa da abin da ya faru da mutanen da aka ɗauko labarinsu. Nasarar gaske ta zo daga baya: a Agustan 2015, wata biyu bayan fitowar fim ɗin, sabuwar ƙungiyar Suresh Mukund, Kings United, ta samu lambar tagulla a gasar da aka yi a San Diego, a 2019 kuma ta lashe gasar World of Dance a Amurka da kyautar dala miliyan 1. Remo ya dawo da Varun da Shraddha da Prabhu Deva a Janairun 2020 cikin Street Dancer 3D, wanda aka kai labarinsa Landan tsakanin ƙungiyar Indiyawa da ta 'yan Pakistan. Kuɗin ya ƙaru, dandamalin ya ƙara girma, atisayen ya ƙara raguwa a kan allo, kuma bai samu karɓuwar da ABCD 2 ya samu a kasuwa ba.